Mita da santimita: yaya kuka yi da naku yaran?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. 'Yan biyuna suna aji uku na firamare, wannan zangon aka shiga awon tsawo. Lissafin lambobi zalla ba ya ba su wahala, ka ce 145 a tara da 80, kafin ka rufe baki sun ce 225. Amma da aka ce mita 1 da santimita 45 a ƙara santimita 80, Hassan ya rubuta mita 1 da santimita 125, aka zabga masa jan biro. Shi kuwa Usaini an ce ya ɗebe santimita 35 daga mita 2, ya kawo mini 33. Don Allah wanda ya wuce wannan gaɓar da yaransa ya faɗa mana yadda ya yi.

Malamar Aji Uku:
Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu. Ki kwantar da hankalinki, duk shekara sai na ga waɗannan amsoshin biyu a littattafan yarana. Matsalar Hassan da ta Usaini ba ɗaya ba ce. Hassan ya gane aikin, tsawon da ya samo daidai ne, mita 1 da santimita 125 shi ne mita 2 da santimita 25. Abin da ya rage masa kawai ya lura cewa akwai cikakkiyar mita ɓoye a cikin 125 ɗin. Da ni ce da na ba shi rabin maki na ce ya ƙarasa. Usaini ne yake buƙatar a zauna da shi, domin shi lambobi biyu ya gani, 35 da 2, ya cire ƙarami daga babba. Bai taɓa jin mita a hannunsa ba.

Ki samo igiya, ki auna mita 2 ki yanke. Ki ba shi almakashi ya auna santimita 35 da kansa ya datse, sannan ya auna abin da ya rage. Zai sami 165. Ki tambaye shi, ina 33 ɗin? Ki yi shiru ki bar shi da igiyar.

A da malamanmu da naira da kwabo suke koyar da wannan, kwabo ɗari naira ɗaya, santimita ɗari mita ɗaya, nan da nan a gane. Yaran yanzu ba su taɓa riƙe kwabo ba, don haka wannan ƙofar ta rufe mana.

Baban Auta:
Malama, ni ban yarda da rabin maki ba. Idan aka saba masa tun yanzu, haka zai rubuta a jarrabawar shiga sakandare, can kuwa ba mai tausaya masa.

Malamar Aji Uku:
Baban Auta, Allah ya huci zuciyarka. Yaro ɗan shekara takwas da ya yi tunani daidai aka ce masa sifili, abin da zai koya shi ne tunanin nasa ba shi da amfani. Gyaran rubutun amsa aikin kwana ɗaya ne. Dawo da yaron da ya tsani lissafi kuwa sai a shekara ana fama.

Tela Mai Keke:
Ni dai tef ɗina ne ya haɗa faɗa a gidana. 'Yata ta ɗauka ta auna sabon fensir ta rubuta 7, ƙawarta ta auna irinsa da rular makaranta ta sami kusan 18. Suka zo mini kowa na rantsuwa. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, ɗaya inci 60, ɗaya santimita ɗari da hamsin da 'yan kai. Ita ta karanta fuskar inci ne, domin ita take gani ina aiki da ita kullum. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kun ga dukkansu biyu gaskiya suka faɗa.

Tun daga nan na kafa mata doka: ba ta faɗa mini lamba tsirara. Idan ta ce "bakwai" sai na ce bakwai ɗin me, awaki ko kaji? Sai ta ce inci ko santimita. Yanzu ita ke tara mini ƙyallayen da suka rage, ta auna kowanne ta rubuta a takarda ta maƙala da fil. Idan ina neman ƙyallen da zai isa aljihu ko bakin hannu sai na ce nemo mini wanda ya wuce santimita 20 bai kai 30 ba. Kwatanta tsawo ta koye shi a nan ba tare da ta san karatu ake yi ba.

Amma gaskiya mu ma muna rikita su. A makaranta mita, a shago yadi. Yaro ya ji uwarsa ta ce turmin atamfa yadi shida, ya je aji a ce masa babu yadi a littafi.

Ɗan Kasuwa daga Maraɗi:
Maganar tela ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu nan Nijar da mita muka tashi, a lakwal (makaranta) da kasuwa duka, tunda daga Faransa awon ya fito tun shekarun 1790. Ɗana da ke zama da ni a rumfa bayan an tashi lakwal bai san yadi ba sai da baƙi daga Katsina da Kano suka riƙa zuwa. Wata rana wani ya ce a ba shi shadda biyar, yaron ya tambaye shi, "Baba, biyar ɗinku ko biyar ɗinmu?" Kowa ya yi dariya, amma tambayar tana kan hanya. Yadi santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, bai kai mita ba da kusan santimita 9. A guda ɗaya ba ka gani, a biyar kuwa bambancin ya kai santimita 43, kusan rabin mita. A shadda mai tsada wannan kuɗi ne.

Na sa shi ya lissafa turmin atamfa da kansa: yadi shida ya kama mita biyar da rabi, saura kaɗan. Da ya gama sai ya warware turmi ya auna don bai yarda da takarda ba. Na ƙyale shi, duk da ninkewar ta zame mini aiki.

Malam Mai Ritaya:
Mu da muka yi firamare kafin a canja kuɗi a 1973, da inci da ƙafa da yadi da mil aka koya mana. Inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya, duk da ka, kuskure ɗaya bulala. A cikin shekarun 1970 ne Najeriya ta koma awon mita a hukumance, muka sake zama ɗalibai alhali muna riƙe da alli. Yaran yanzu gata aka yi musu, komai goma ne da ɗari da dubu.

Abin da ba wanda ya ambata shi ne bakin rula. Ku duba yadda yaranku suke ɗora ta. Da yawa daga 1 suke farawa, domin an koya musu ƙirga daga ɗaya ake soma ta. Wasu kuma daga ƙarshen katakon suke farawa, alhali akwai ɗan fili kafin sifili. Gwajin da nake yi musu shi ne in ɗora tsinke daga 3 zuwa 11 in ce nawa ne. Wanda ya ce 11 lambar ƙarshe kawai yake karantawa. Wanda ya ce 9 layukan yake ƙirgawa. Wanda ya ce 8 shi ne ya gane cewa tazarar da ke tsakanin layuka ake auna. Karyayyar rula ma kada ku yar, ta fi sabuwa koyarwa, domin ba ta da sifili, dole yaro ya yi ɗebewa.

Kakan Yara:
Ni ban yi boko ba, jikana ne yake rubuta mini wannan. Mu da gaba muke auna igiyar guga da zurfin rijiya, da kamu ake auna zane da tabarma, gona kuma da taki. Da jikokina suka zo hutu na sa kowa ya auna igiya ɗaya da gabansa. Ni na sami shida, babbansu ya sami takwas, ƙaramar ta wuce goma. Suka ce to wa ya yi daidai? Na ce ku tambayi malaminku me ya sa aka ba ku sanda ɗaya kowa da kowa. Babban ya ce, "Kaka, don kada mai dogon hannu ya cuci mai gajere." Ai kuwa a kasuwar da, idan za a sayi sawaye, mai dogon hannu ake nema ya yi wa mutum kamu.

Malamar Ƙauye:
Allah ya ƙara wa Kaka lafiya. Da wannan nake fara darasin, sai yara sun yi gardama a kan taki da kamu kafin in fito da mita. Ajina ya cika maƙil, masu rula ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Bayan girbi na sa kowane rukuni ya kawo karan dawa miƙaƙƙe, muka yanke shi mita ɗaya ɗaya da tef ɗin aro, muka tsaga alama duk santimita goma. Da shi suka auna allo, ƙofa, benci, har da tsawon ajin. Kafin su auna sai kowa ya yi hasashe ya rubuta, sannan ya ɗebe ya ga da nawa ya kauce. Wannan ɗebewar suna yin ta da zumuɗi, saboda kowa so yake a ce shi ya fi kusa.

Wurin da suke tuntuɓe shi ne mita 1 da santimita 5. Wasu su rubuta 15, wasu 150. Sai na kwantar da karan, na ɗora ɗan guntun santimita 5 a bakinsa, na ce ku ƙirga daga ɗari. Ɗari da biyar.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Nawa daban ne kaɗan. Akwai tef ɗin da muke auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 don gano tamowa, mai launi uku: ja ƙasa da santimita 11.5, rawaya daga nan zuwa 12.5, kore abin da ya haura. 'Yata mai shekara tara ta gan shi a jakata ta ce me ya sa ja da kore suke kusa da juna haka. A nan ta fara sanin milimita, domin na nuna mata ƙananan gidaje goma da ke tsakanin 11.5 da 12.5, kowane gida milimita ɗaya, na ce mata a wannan ɗan wurin ake rabe yaron da za a tura karɓar magani da wanda za a sallama. Yanzu jikin ƙofar ɗakinmu duk zanen fensir ne, tana auna ƙannenta tana cire na bara daga na bana. Ta tambaye ni tsawonta ranar haihuwa, na ce jarirai yawanci wajen santimita 50 ne, ta je ta auna 50 a tabarma ta tsaya tana kallo, wai ƙarya nake yi.

Birkila:
Ku turo mini su wurin gini, kwana biyu sun iya. Bulo tsawonsa santimita 45, biyu 90, saura 10 a cika mita. Nawa yaron da haka ya iya. Fuloti kuma da muke cewa hamsin da ɗari ƙafa ce, a mita wajen 15 da 30 ne. Na ba shi ya tara gefe huɗu ya gaya mini igiya nawa za mu saya mu zagaye, ya ce mita 45. Na ce to je ka zagaya da ita. Ya dawo ya ce 90.

Baban Auta:
Tunda kowa ya kawo nasa, nawa da ƙwallo aka kama shi. Daga layin gola zuwa inda ake buga fanareti mita 11 ne, faɗin raga mita 7 da santimita 32. Suka je filin unguwa da tef suka tarar ragarsu ta duwatsu ba ta kai mita 5 ba. Yanzu rigimar da ake yi ita ce mai tsaron gida ya ce ba za a faɗaɗa ba, kuma har yau ba a matsar da dutsen ba.