Neman shawara: 720,720 ta hana mu barci

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ɗan yayata ne ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya zo da aikin gida: a nemo lambobi nawa ne ke raba 720,720 ba tare da saura ba, a kuma faɗi wace irin lamba ce. Jiya bayan isha'i muka zauna a soro a nan Fagge, ni da kalkuletar waya, shi da biro. Mun raba da 2, da 3, da 4, haka har muka wuce 60, wuta ta ɗauke, cajina ya ƙare. Babu gajeriyar hanya ne, ko haka za mu yi ta dannawa har azumi?

Malamin lissafi, Gwale: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye wayar nan. Dubi lambar da kyau, 720 ce aka rubuta sau biyu, kuma duk lamba mai gida uku da aka maimaita haka, an ninka ta ne da 1001. Ita 1001 kuwa 7 × 11 × 13 ce. Sai 720, wato 16 × 9 × 5. Kenan tubalan ginin su ne: 2 sau huɗu, 3 sau biyu, sai 5, 7, 11 da 13 kowacce sau ɗaya. Yanzu ƙara ɗaya a kan kowane adadi, don kana iya ƙin ɗaukar tubalin gaba ɗaya, sai ka ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2. Amsa 240. Ka sa yaron ya yi da hannunsa, kada ka ba shi dafaffe.

Ɗan Kantin Kwari: Malam, 240?! To ni irin wannan kuɗi nake so abokan ciniki su riƙa kawowa, a raba ba rigimar canji.

Malamin lissafi: Ai kuwa Alhaji, daga mutum 1 har 16 duk za su raba ta cif, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ke yin haka. Haka nan babu ta ƙasa da ita mai masu rabawa har 240.

Malamar Islamiyya, Ƙofar Na'isa: Ni abin da ya burge ni ɓangaren gado ne. Tumuni 90,090, sudusi 120,120, rubu'i 180,180, sulusi 240,240, rabi 360,360. Ko kwabo ba ya faɗuwa ƙasa. Zan riƙa ba ɗalibaina misali da ita. Ɗana, ka lura da wani abu: rabi da sulusi da rubu'i kaɗai sun ba da 780,780, sun zarce uwar lambar. To ku rubuta cewa tana cikin lambobin da jimillar masu raba su ta fi su yawa.

Wani ɗalibi a Jami'ar Bayero: Ƙari kaɗan: ba a samun ta ta ninka wata lamba da kanta. 848 × 848 ya ba da 719,104, shi kuma 849 × 849 ya tsallake zuwa 720,801.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Yaron ya gwada da 17 don ya kama Malam da kuskure, ya ce saura 5 ya samu.

Malamin lissafi: Daidai ne. Ai 16 na ce. Ce masa ya gwada 18.