Wa ya taɓa kai baƙo kallon zanen fuskoki a Zariya? Ku zo ku ba mu labari

Maman Ummi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanen maigidana zai zo daga Legas ranar Laraba, shi da matarsa, kwana biyu kacal za su yi. Mutumin nan mayen zane ne, musamman zanen fuskokin mutane, falonsa ma babu masaka tsinke a bango. Ya bugo waya ya ce in shirya in kai shi inda aka tara hotunan manyan Zazzau, daga nan mu zaga gari. Na ce masa to, na kashe waya, na zauna na yi tagumi. Shekarata 14 da aure a garin nan, amma in ka cire kasuwa da asibiti da gidan biki ban san ko'ina ba. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan yawo ya faɗa mini inda ya je da abin da ya tarar, kada in ji kunya a gaban dangin miji.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara cire rai da samun gida guda da aka jera fuskokin manya daga farko har ƙarshe. A Zariya abin a warwatse yake, sai an bi shi ɗaya-ɗaya. Amma ki fara da Samaru, sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Ni lissafi na karanta, sai dai abokin ɗakina ɗan sashen ne, shi ya ja ni har na saba da wurin.

Ranar da na fara shiga, 'yan ajin ƙarshe ne suka baje ayyukansu. Akwai wani zane da aka yi da gawayi zalla, fuskar wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Kullum ina wuce matar nan a bakin hanya, ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba. A jikin takardar ne na ga ashe tana da zube uku-uku a kumatu, haƙoranta sun rine da goro, idonta na hagu ya ɗan yi yana. Har ƙullin ɗankwalinta da ya karkace yaron bai gyara ba, ya bar shi yadda yake. Washegari da na je sayen gyaɗa sai na ji nauyinta ya kama ni, na durƙusa na gaishe ta.

Tunda baƙonki masani ne, zai tambaye ki 'yan tawayen Zariya, to ga abin da za ki riƙe. Koyar da zane a nan ya girmi jami'ar kanta. A 1955 aka dawo da sashen daga Ibadan, lokacin makarantar tana kwaleji, ita kuwa jami'a sai 1962 aka buɗe ta. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya, su ne ake kira 'yan tawayen, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, ana koya musu zane irin na Ingila, su kuwa suka ce za su karɓi dabarar amma kowa zai koma ya ɗebo daga al'adar gidansu. Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Grillo ya yi suna da shuɗi da yake zana matan Yarbawa da shi. Kada dai ki yi masa alkawarin zai ga ayyukansu, yawancin waɗanda suka yi suna suna Legas da ƙasashen waje. Abin da zai gani a Samaru shi ne jikokinsu a bakin aiki, da lambun da aka cika da sassaƙe-sassaƙen ɗalibai. Ku je ranar aiki da hantsi, ku yi sallama a ofis tukuna.

Baban Yara, Kwangila:
Wannan maganar ta ranar aiki gaskiya ce. Ni ranar Lahadi na kwashi iyali muka je, da wautata, babu kowa sai tsuntsaye. Muka zaga lambun, yara suka sha rake, muka dawo. Kuɗin mai kawai na ƙona.

Dattijon Kwarbai:
'Yata, ki gaya wa baƙon naki na'urar hoto Bature ne ya zo da ita, sarautar Zazzau kuwa ta riga shi da ɗaruruwan shekaru. Duk wanda ya nuna miki takarda ya ce ga fuskar Malam Musa Bamalli, ko Yamusa, ko Abdulkarimu, sarakunan Zazzau na farko bayan jihadi, to tunaninsa ya zana. Haka ma Sarauniya Amina. Matar nan da kuke gani a kalanda bisa doki da takobi, babu mai zanen da ya taɓa ganinta, kowa da irin Aminarsa. Na ga wata an sa mata jan baki.

Na baya-bayan nan su ne muke da su sosai. A zaurena akwai Sarki Ja'afaru, wanda ya yi daga 1937 zuwa 1959, da Sarki Muhammadu Aminu da ya gaje shi har 1975, da Sarki Shehu Idris, shekara 45 a kan gado, Allah ya jiƙansu, sai mai martaba na yanzu, Ahmad Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa. Mahaifina ne ya fara rataye su, ni na ƙarasa. In na sami baƙo nakan tsayar da shi a gabansu in yi masa bayanin gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. In na zo kan hoton mai martaba na yanzu, ɗan gidan Mallawa, sai in ce masa ya lissafa: an cire Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920 aka kai shi Lakwaja, can ya rasu, sarauta ba ta sake komawa gidan Mallawa ba sai 2020. Shekara ɗari cif. Yawanci a nan baƙo ke neman wurin zama.

Amma ni in ana maganar ganin mutumin da, masallacin Juma'a nake kai mutum. Babban Gwani ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara. Daga waje ba za ki gane ba, don an lulluɓe shi da ginin zamani. Sai kin shiga kin ɗaga kai kin ga bakan gizon nan yadda suka tashi daga ginshiƙai suka haɗu a sama, da adon da aka kwarzana a jikinsu. Ba mu da hoton Babban Gwani, amma ga hannunsa nan, kuma har yau akwai unguwa da sunansa a cikin birni. Kada ku je lokacin salla, ku nemi izinin masu kula da wurin. Fada kuwa tana nan dab da shi. Ku tsaya ku kalli adon ƙofar, ku gaisa da dogarai da ladabi, kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai ya tambaya. In kun gama ku biyo Kwarbai, zaure a buɗe yake.

Maman Ummi, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma, ya bar mana ku. Za mu zo in sha Allahu.

Malamar Firamare:
Ni 'yan aji shida na taɓa kaiwa Samaru, su 32, a bas biyu. A ɗakin zane lafiya lau, suna ta gardamar wane hoto ne ya yi kama da kakar wa. Muna fitowa lambun sassaƙa sai wani yaro ya toge, ya riƙe mini hijabi ya ce, "Malama, gumaka ne, malaminmu na Islamiyya ya ce mala'iku ba sa shiga." Wallahi sai na rasa ta cewa. Na ce masa wanda bai so ba ya zauna a inuwa, babu dole. Su bakwai suka zauna tare da direba. Don haka Maman Ummi ki tambayi matar baƙon naki tun a gida, ba kowa ke sakewa da wurin ba.

Abu Hafsa:
Yaron nan ya fi mu gaskiya. Ni dai ba na zuwa, kuma ba na rataye hoton mai rai a ɗakina. Ku kai shi ya ga ganuwa da ƙofofi, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, ai sun ishi mai kallo.

Ɗan Kongo:
Malam Abu Hafsa, ban zo gardama ba, malamai sun yi magana a kai kuma kowa ya san wanda yake bi. Amma maganarka ta tuna mini da abin da na gani a Landan shekarun baya, da aka tura mu kwas. Can suna da gidan da baƙon Hajiya yake nema, na fuskoki zalla, an kafa shi tun 1856, yana bayan Dandalin Trafalgar, kuma shiga kyauta. Na yi ta wuce sarakunan Ingila da gashin kansu na aro har ƙafata ta gaji. Kwatsam sai ga wani Bafulatani yana kallona, da farin rawani, da farar riga, da Alƙur'ani rataye a wuya cikin jan gafaka. Sai da gabana ya faɗi, don kamar liman ɗin unguwarmu.

Sunansa Ayuba Sulaiman Diallo, ɗan malamai ne daga Bundu a ƙasar Senegal ta yanzu. An kama shi aka sayar, aka kai shi gonar taba a Amurka, daga baya wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin 'yancinsa. Ya biyo ta Ingila, a can aka zana shi a 1733, sannan ya koma gida. Shi ma da fari ƙyamar zanen ya yi, sai da aka lallashe shi, kuma ya ce in dai za a yi to da tufafin ƙasarsu. Zanen mallakar Ƙatar ne, aro aka ba su. Na fi minti ashirin a gabansa. Da na fito na je na ga gadar Westminster da agogon nan nasu, na ɗauki hotuna, amma yau in ka tambaye ni Landan, mutumin nan nake tunawa. Abin da ya dame ni a jirgi shi ne, mu da muke da hotunan sarakuna da alƙalai da malamai da 'yan kasuwa a zaurukan gidaje, gara da damina suna cinye su a hankali.

Dattijon Kwarbai:
Ɗana ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na Sarki Ja'afaru da ke wurina ruwa ya taɓa shi ta gefe ɗaya tun wata damina da rufi ya yi yoyo.

'Yar Sabon Gari:
Tunda ana maganar zanen fuska bari in amayar da abin da ke cikina. Bayan rasuwar mahaifinmu na kai ɗan ƙaramin hotonsa na fasfo wurin wani mai zane, ba zan faɗi shagon ba. Muka yi ciniki dubu 25, na ba da rabi. Ya ce mako biyu, sai da na yi wata biyu ina sintiri. Ranar da na karɓo na kai wa Innarmu, ta juya shi sama ta juya ƙasa, ta ce, "Wannan kuma wane ne?" Ya ƙara masa ƙiba, ya goge masa tabon salla, wai don ya fi kyau. Mutumin da duk unguwa ta san shi da tabon nan! Yana bayan kabad har yau. Maman Ummi, in baƙonki ya ce zai sa a zana shi, ya zauna a gaban mai zanen da kansa, kuma ya ga aikin da ya yi wa wasu tukuna.

Baban Yara, Kwangila:
Hajiya ki yi haƙuri, amma na yi dariya har da hawaye.

Ɗan Wusasa:
Kowa ya manta da mu. In sun sami yamma guda ki kawo su Wusasa. Akwai tsohuwar majami'ar Bartholomew da aka gina a 1929, ginin ƙasa irin na Hausa, in ba an gaya maka ba za ka ɗauka gidan wani basarake ne. A unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga nan sai Dutsen Kufena. Na kai abokan aikina bara, muka hau bayan la'asar, ɗaya daga cikinsu da takalmin ofis, a rabin hanya ya cire ya riƙe a hannu. In kun kai sama za ku ga gari shimfiɗe da gonaki har iyakar gani. Ku tafi da ruwa, kada ku hau in an yi ruwan sama, dutsen santsi gare shi, kuma ku sauko kafin magariba.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Ƙari ɗaya Hajiya, kada ki haɗa Samaru da birni a safiya ɗaya. Tafiya ce, ga cunkoson Kwangila da PZ. Ki ba kowanne ranarsa.

Maman Ummi, Tudun Wada:
Na dawo da rahoto, baƙi sun tafi jiya. Alhamis muka yi Samaru. Matarsa ta ce ita ba ruwanta, har ta fi shi zaƙewa a lambun. Ya sami wani ɗalibi ya zaunar da shi a kan benci ya zana shi da fensir cikin minti arba'in, kuma 'Yar Sabon Gari, sanƙonsa yana nan ba a rufe masa ba. Juma'a da sassafe muka shiga birni, muka ga masallaci kafin jama'a su fara taruwa, muka tsaya ƙofar fada. Kufena bai yiwu ba, hadari ya haɗo.

A zauren Baba muka fi daɗewa. Na ɗauka minti goma za mu yi, sai da aka kira salla. Ya ɗauki hoton Sarki Ja'afarun nan da wayarsa, ya ce akwai wanda ya sani a Legas mai gyaran tsofaffin hotuna, zai sa a fitar da sabo a aiko, na asalin kuma a canza masa gilashi a ɗaga shi daga jikin bangon da ke tsatsafo. Baba, mun gode da fura. Kuma tabarau ɗin matar tasa yana kan tabarmarku ta gefen ƙofa, zan aiko Ummi ta karɓa gobe in ta taso daga Islamiyya.