Neman shawara: kuɗin wasiyyar mahaifinmu da ƙungiyar ceto

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wasiyya a fitar da naira miliyan 3 a yi masa sadaka, kuma ni aka ɗora wa nauyin. Akwai wata 'yar ƙungiya a garinmu da ke kwasar waɗanda haɗari ya rutsa da su a titin Kano zuwa Zariya. Matasa ne da tsohuwar bas guda ɗaya. Na ga aikinsu da idona, domin ranar da tirela ta murƙushe wata ƙaramar mota sun riga kowa isa wurin, har kuɗin jini suka biya a asibiti. Yanzu suna neman kuɗin gyaran bas da gadon ɗaukar majinyata. Abin da ya tsaya min a rai shi ne lambar asusun da aka turo min da sunan shugaban take, ma'aji kuma ƙaninsa ne. Da na nemi ganin lissafin bara sai shugaban ya ce, "Hajiya, mu aikin Allah muke yi." Kunya ta hana ni ƙara magana. In ba su, ko in nemi wani wuri?

Akawu mai ritaya:
Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Ki fara tambayarsu lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Ƙungiyoyi irin wannan ana yi musu rajistar amintattu ne a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma a shafin hukumar za ki iya duba sunan ki ga ko rajistar tana raye. Dokar ta wajabta musu kai rahoto duk shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ta kuma hana ɗan majalisar gudanarwa riƙe muƙami mai albashi a ƙungiyar, sai dai a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa. Amma takardar rajista ba ta ƙirga kuɗi. Abin da ni zan nema shi ne bayanin shige da fice na banki na wata shida, in ajiye shi gefen littafinsu. In littafi ya ce an sayi mai ranar Talata, ina so in ga kuɗin sun fita ranar Talata ko kusa da ita.

Direban tanka:
Ranka ya daɗe akawu, kada a wahalar da yaran nan. Mu da muke kan hanya mun san darajarsu. Mutum na kwance cikin jini, wa ke maganar rasit? Hajiya ki ba su kawai, niyyarki ta isa.

Akawu mai ritaya:
Malam direba, ban ce ɓarayi ba ne. Ka ɗauka shugaban waliyyi ne. In yau ta Allah ta kasance a kansa, bankin zai rufe asusun, kuɗin su koma cikin maganar gado, sai magada sun kawo takardar kotu. Bas na ajiye ba mai, kuɗin Baba na can a maƙale. Haka in ana bin sa bashi. Shi ya sa ake son asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, kuma kada su zama wa da ƙani.

Wata malamar jinya:
Aunty, ki je asibitin da suke kai mutane, sashen gaggawa, ki tambayi ma'aikatan dare. Su suka san wanda ke kawo majinyaci ya tsaya har a sa ruwa, da wanda ke ɗaukar hoto ya wuce. Sannan ki tambayi jami'an kiyaye haɗura na yankin ko sun san su.

Ɗan'uwa daga Funtuwa:
Amsar da ya ba ki ce ta fi damuna fiye da asusun. Ƙungiyoyi da yawa da asusun mutum ɗaya suka fara, don buɗe na ƙungiya akwai zirga-zirga. Amma kuɗin nan ba naki ba ne, amana ce, kuma gobe ƙannenki za su tambaye ki. Ki faɗa masa haka, in kina jin nauyi ki tafi da yayanki namiji. Ki kuma tambaya yaushe suka yi taron mambobi na ƙarshe, wa zai iya ce wa shugaba a'a. Shawarata kada kuɗi su shiga hannun kowa yanzu. Ki kai bas gareji da kanki ki biya bakanike, ki sayo gadon ki miƙa musu a gaban mai unguwa. Ragowar ki riƙe har su buɗe asusun.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shugaban, ya ce rajistar tana nan amma shekara biyu ba su kai rahoto ba. Ya yarda mu haɗu a gareji ranar Asabar, ya zo da littafin. Baba akawu, zan turo maka hotunan shafukan ka duba min.