Waken SAMPEA 20-T ya haɗa ni da Baffana, ku ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka wallahi kaina ya ɗaure. Tun da mahaifinmu ya rasu gandunmu na wajen Kware ba a raba ba, Baffa ka riƙon shi, ni da ƙannena ka noma, shi ko sai la'asar ya zo bakin gona ya hwaɗi abin da za a yi. Bara munka shuka wake cikin gero, fure ya yi kyau kowa na yabawa, sai tsutsa ta shiga, ka ɓare kwanso ka iske ta kwance ta cinye ƙwaya ta bar kashinta. Kuɗin feshi sai da anka sai da tunkiyar Inna wadda anka aje don bikin ƙanwata, har yau maganar ba ta mutu ba cikin gida. Bana na samo waken ga SAMPEA 20-T da anka ce tsutsa ba ta ci, na biya rabi saura bashi. Baffa na jin labari yac ce ba a shuka irin Turawa gonar ubanshi, wai shina kashe ƙasa shina hana haihuwa. Ga ruwa sun sauka. In shuka a ɓoye ko in maida?

Ɗan Wurno: Ina kas sayo shi? Leda ce a liƙe da tambari ko da kwano anka auna ma?

Malamin Gona: Ka gaya ma Baffa da ladabi cewa wanga iri daga Samaru ta Zariya yaf fito, cibiyar binciken noma ta IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Mohammed Ishiyaku ya jagoranci aikin, da taimakon masana na waje. Hukumar NBMA, mai kula da amincin irin da anka sauya ma halitta, ta amince da shi 2019, ƙarshen shekarar anka ba da izinin sakin shi ga manoma. Abin da anka yi, akwai wata ƙwayar halitta da anka ɗauko daga bakteriyar ƙasa mai suna Bt anka sa ma waken, sai ya riƙa yin sinadarin da in tsutsar maruka, wadda ka shiga kwanson wake, ta ci hanjinta ya lalace. Hanjin mutum da na dabba ba su da wurin da sinadarin ka kamawa. Batun kashe ƙasa ko, wake ne fa, saiwarshi taki taka ƙara ma gona. Amma kar wani ya ce ma ba feshi, ƙarya ne, darɓa da ƙwarin fure da masu tsotse kwanso suna nan, sau biyu za ka fesa maimakon shida zuwa takwas.

Mai Albasa: Hmm iri! Ni da wani dila ya haɗa ni da irin albasa wai ingantacce, na kwashe rani ina ban ruwa ga tsadar fetur, sai kara da fure tay yi ba kai. Na koma wurinshi yac ce ƙasata ce. Maida musu abinsu kawai.

Hajiya Mai Ƙosai: Ni tambayata shina tashi in an buga? Wake in bai kumbura cikin mai ba, asara ce wurinmu.

Makiyayi: Ku bar batun haihuwa, harawa Baffa ka tunani. Waken ga na zamani tsaye suke, ba su yaɗo irin na gida, in bazara ta yi mi tumakinshi za su ci? Kun san kuɗin damin harawa watan Mayu kuwa?

Ɗan Illela: Kuma in ka fara shi ke nan, kullum sai ka sai iri wurin kamfani.

Malamin Gona: Ɗan Illela kana haɗa wake da masara. Masarar haɗi ce, irin TELA da anka saki 2024, in ka sake shuka 'ya'yanta amfanin ke raguwa. Wake furenshi da kanshi shika barbarar kanshi, ka aje iri cikin buhun PICS, mai leda ciki wanda iska ba ta shiga, ka shuka baɗi. Kuma kai mai tambaya, kar ka cusa shi ƙarƙashin gero inuwa ta danne shi, ware mai layukanshi. Kwana saba'in da 'yan kai ya nuna, ba ka makara ba.

Baban Yara: Yaro kar ka shuka komi a ɓoye, bin na gaba bin Allah ne. Gwada ga gayaunarka, in ya gani da idonshi shi zai roƙe ka iri.

Mai tambaya: Na gode amma ba ku gane ba. Gayaunata tana jingina tun rashin lafiyar Baba. Kuma ba raina Baffa nika yi ba, ni ka goya tankin feshi har fata ta saɓule, shi bai taɓa ba. Harawa ko tumakinshi ne ba namu ba. Wanda ya sai min irin amintacce ne, tare munka yi makaranta, ba ya cuta ta.

Malamin Gona: To ka kai Baffa wurin malamin gona na ƙaramar hukumarku ya ji da bakinshi.

Mai tambaya: Ba ya zuwa, sun taɓa samun saɓani kan taki.

Ɗan Wurno: Har yanzu ba ka amsa min ba. Leda ko kwano?