Neman kalma: me za mu kira "framework" da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu rubuta manhaja, ina so mu tsayar da kalma ɗaya. Jiya wani ƙanena da ke koyon Django, wani kayan aikin gina shafukan yanar gizo, ya tambaye ni: "Yaya, wane framework zan ɗora a ɓangaren gaba da mai amfani ke gani, React ko Vue?" Na buɗe baki zan yi masa bayani da Hausa zalla, sai na ga kalmar da duk maganar ta rataya a kanta, wato framework, shiryayyen tushen da ake gina manhaja a kansa, ba ni da Hausarta. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

2/ Na san wasu na cewa "tsari". Ban gamsu ba. Akwai tsarin mulki, akwai tsarin karatu, ko jera fayiloli a folda tsari ne. "Firam" kuwa, da ka faɗa hankalin mutum zai tafi kan hoton bango ko taga.

3/ "Ƙwarangwal" ta fi su kusa, kuma na daɗe ina amfani da ita. Amma ƙashi ba ya yin komai da kansa, jiran nama yake. Abin da muke magana a kai aiki yake yi, har ma shi ke ba da umarni. Dubi jQuery da John Resig ya fitar a 2006: kai ne kake kiransa, ka ce ɓoye wancan maɓalli, ya ɓoye, ka ajiye shi. Vue ko Angular kuwa su ke kiranka. Ka rubuta guntun shafinka ka miƙa, su za su yanke lokacin da za a nuna shi da lokacin da za a sabunta shi. Ban da haka, tunda ɓangaren gaba shi ne fuskar manhaja, gwada cewa "ƙwarangwal ɗin fuska" ka ji. Ƙoƙon kai za a gani.

4/ Shawarata ita ce MASAƘA.

Zaren naka ne, launi da ado naka ne, amma faɗin ƙyalle da yadda zare zai ratsa zare, masaƙa ce ta riga ta yanke. In ka fara a kan wata, ba ka cire aikin a tsakiya ka kai wata sai da warwara. Waɗanda suka gina kan AngularJS na 2010 sun ɗanɗana wannan lokacin da Google ta fito da Angular 2 a 2016, domin kusan sabon rubutu aka koma. Kuma tun farko ai "yanar gizo" muke cewa, saƙa ba baƙuwa ba ce a wannan fage.

5/ Abin da ya fi jan raina gare ta shi ne, ta zo da aikatau a hannu: saƙa shafi. Da shi tambayar ƙanena ta canza gaba ɗaya. Ba "wanne ya fi?" ba ce kuma. Tambayar ita ce, a ina ake saƙa shafin, a kan sabar, wato kwamfutar da ke aiko shafin, ko a cikin burauzar mai amfani?

Django, Rails da Laravel masaƙun sabar ne. Su ɗebo bayanai daga rumbu, su saƙa HTML cikakke, wato rubutun da burauza ke nunawa a matsayin shafi, su aiko. React da Facebook ta saki a 2013 da Vue na Evan You na 2014 masaƙun burauza ne. Sabar ta turo zare kawai, wato bayanai zalla a sigar JSON, wayar mutum ta yi saƙar da batirinta da datarta. Svelte na Rich Harris ya ɗan bambanta, yana yin yawancin aikinsa tun lokacin haɗa manhajar, abin da ke isa waya kaɗan ne.

Wanda ke da Django ya ƙara React, masaƙa biyu ya kafa wa ƙyalle ɗaya. Ba laifi ba ne, amma akwai ɗinki a tsakani, kuma a ɗinkin ake yagewa. Na taɓa ƙara tsawon kalmar sirri a sabar daga haruffa 8 zuwa 12, na manta dokar tana rubuce a ɓangaren burauza ma. Fom ya nuna wa mutane kore, sabar ta ƙi su, ba ko saƙon dalili. Kwana biyu ana aiko mini hoton allo kafin na gano. Hanyoyin shafi, tantance fom, wa ya shiga wa bai shiga ba, duk sai ka kula da su a wuri biyu.

6/ To ina za mu sa htmx na Carson Gross, ko Turbo da ke cikin Hotwire? A ganina ba masaƙa ba ne, allura ce. Sabar ta saƙo guntun HTML, su ɗinka shi a gurbinsa ba tare da an sake loda shafin duka ba. Na ce wa ƙanena: manhajarka fom ce da jadawali da shafin shiga, masaƙar Django ta ishe ka, ƙara allura. Ranar da za ka gina abu kamar allon zane, ko editan da mutum biyar ke taɓawa lokaci ɗaya, ka dawo mu yi maganar masaƙar burauza. Nan take ya gane, bai nemi in maimaita ba.

7/ Za a ce React kansa "library" yake kiran kansa, wato kayan aikin da kai ne kake kira, irin jQuery. Haka ne, ba ya zuwa da komai da komai kamar Angular. Amma tunda shi ke kiran abin da ka rubuta, ni masaƙa na ɗauke shi.

Inda nake neman bakin malaman harshe shi ne nan: a rubuce, "masaƙa" na iya zama jam'in masaƙi, na iya zama masana'antar yadi. A baki karin sauti yana raba na farko, a allo babu. Ni dai ina ganin in aka ce "masaƙar sabar" ko "masaƙar burauza" ruɗanin ya kau, jam'i kuma "masaƙu". Wanda ke koyarwa ya gwada ta a aji mako guda, ya zo ya faɗa mana ko ɗalibai sun karɓa.