Muhawara: Shin "sh" da "ts" kati ɗaya za su zauna a gasar haɗa kalmomi?

Sakataren kwamiti, Gombe: Assalamu alaikum. Kafin mu kai aikin katunan gasar ɗalibai wurin mai bugawa, akwai batun da ya raba kanmu. Malama ta ce wajibi ne "sh" da "ts" kowannensu ya zauna a kati guda, wasu kuma suna ganin a bar ɗan wasa ya haɗa su da kati biyu. Muna son jin hujjar kowa.

Malamar Hausa, Kumo: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana, domin a aji muna koya wa yara cewa "ts" baƙi ɗaya ne, kuma duk wanda ya furta "tsaba" ya san ba ya jin "t" daban da "s" daban. Ku duba "tsintsiya". Idan an raba, kati tara take ci, alhali bakwai ne a hannun ɗan wasa, idan kuwa an haɗa, bakwai cif take ci, yaro ya zubar da hannunsa gaba ɗaya ya kwashi makin ƙari. Masu wasan Scrabble (wasan haɗa kalmomi da katunan haruffa) na Sifaniyanci ma sun ba "ch" da "ll" da "rr" gurbinsu na kansu.

Tsohon alƙalin gasa, Dukku: Malama, hujjarki tana da ƙarfi, amma ina za mu tsaya? Gobe wani zai nemi kati na "kw" da "gw" da "ky" da "ƙy", har jaka ta cika da katunan da ba sa shiga ko'ina. Abin da na gani a kan tebur shi ne, yaron da ya ɗauko irin wannan kati a ƙarshen wasa yakan riƙe shi har a tashi, a cire masa maki ba da laifinsa ba.

Malamar Hausa, Kumo: Baba, a "kwano" ana jin "k" ɗin sarai, don haka kati biyu sun ishe shi. A "shanu" kuwa babu "h" ko kaɗan a bakin mai magana. Maganin riƙe kati kuma yana wajen ƙidaya. Alfred Butts, wanda ya tsara Scrabble a 1938, sai da ya ƙirga yawan fitowar haruffa a jaridu, shi ya sa Ingilishi ya samu "e" 12 cikin 100, "q" da "z" kuwa ɗaya-ɗaya masu maki 10. Mu ma mu ƙirga daga jaridun Hausa, mu ba "a" kaso mafi tsoka, "ts" ya zama kaɗan mai maki da yawa.

Mai buga kati, Jekadafari: Ni roƙona ɗaya ne, ko wane ɓangare ya yi rinjaye. A ƙara girman ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, domin bayan an rufe kati da leda, hasken fitila yana ɓoye ta, sai a yi ta gardama a kan "kafa" ce ko "ƙafa". Bayan katunan kuma ya zama launi ɗaya.

Tsohon alƙalin gasa, Dukku: Na yarda a yi ƙidayar, 'yata. Sai dai idan an buga katin "ts", dole a rubuta a dokar gasa ko an haramta jera "t" da "s" a madadinsa, tun kafin alƙali ya tsinci kansa tsakanin makarantu biyu ranar wasan ƙarshe.