Wai Turawa kaɗai suka hana bauta, su bayin ba su yi komi ba?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Salam jama'a. Jiya ƙanena yana bitar tarihi ya ce malaminsu ya ce Turawan Ingila suka hana cinikin bayi a 1807, shikenan. Ni kuma abin ya tsaya mani a rai, wai su bayin zaune suke sai da Bature ya ji tausayinsu? Kuma nan ƙasar tamu yaushe aka daina? Don kakata har ta rasu in ta ga wani dattijo a unguwarmu sai ta rage murya ta ce ai cucanawan gidan su wane ne, wato 'ya'yan bayinsu. Masana ku taimaka.

Malam Gobarau:
Wa alaikumus salam. 1807 ɗin gaskiya ne amma cinikin aka hana ba bautar ba, sai 1833 majalisarsu ta yi dokar 'yanta bayi a ƙasashen da suke mulka, kuma ka san wa aka biya diyya? Iyayen gijin, fam miliyan 20, bayin ko sisi. Batun zama kuwa a'a wlh. A Haiti bayi suka tashi a 1791 suka yi ta gwabzawa da Faransa har suka kafa ƙasarsu a 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu kenan. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Bahia a Brazil, don 'yan uwanmu ne, Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen lokacin jihadi aka gangara da su kudu aka sayar bakin teku. A 1807 aka gano shirinsu na tawaye kafin su fara, a 1814 suka tashi da gaske, sannan babban na Janairu 1835 cikin azumi wanda Yarbawa Musulmi suka fi yawa amma da Hausawa ciki, suka fito da fararen riguna, da aka murƙushe su aka riƙa samun layu da rubutun Larabci a jikinsu. Ka yi tunani, mutum an raba shi da garinsu da sunan shi amma bai manta da allo ba. Brazil ɗin sai 1888 ta saki bayi.

Baban Ummi:
Toh amma fa malam kar a haɗa tamu da tasu. Nan bawa yana zama mai sarauta a fada, yana aure, yana da gayaunar shi. Ba irin ta Amurka ba ce.

'Yar Kusugu:
Haba Baban Ummi, bayin sarki su nawa ne? Ka tambayi na rinji da ke noman gandu, ko kuyangar da aka raba da ɗanta a kasuwa, ko waɗanda aka kora a ƙasa ta Agadas zuwa Turabulus. In daɗi ne mi ya sa da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903 bayi suka yi ta guduwa suna barin gonaki? Kuma Lugga, Gwamnan Turawa na Arewa, bai 'yanta kowa ba fa, dokar shi ta 1901 cewa ta yi a daina kamu da sayarwa, kuma duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, amma wanda yake bawa ya ci gaba da zama sai in ya fanshi kan shi, tsoro yake kar noma ya tsaya sarakuna su juya ma shi baya. Haka mutane suka yi ta biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidan shi don ya bar shi ya yi aikin kan shi, suna tara kuɗin fansa a kai gaban alƙali a rubuta. Sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Ɗan Ƙofar Sauri, kakar ka kam ta san abin da take faɗi, ba nisa ba ne.

Malam Gobarau:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Na ƙara da wannan tunda Katsina muke: Ahmad Baba na Tumbutu wajen 1615 ya yi fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ne, har ya ambaci Katsina da Kano da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Sai dai kare Musulmi ya yi, bai ce a daina bautar ba, kuma duk da fatawar an ci gaba da kamawa.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Ikon Allah, 1936?? Ai an haifi kakana lokacin. Na gode ƙwarai, bari yaron ya dawo islamiyya in nuna ma shi, amma a jarrabawa dai 1807 ɗin zai rubuta kar malam ya kada shi.